Kajin Mai Takaba

Ranar wata Talata ce cikin marka, a shekarar 1955. Tun asuba ake yayyafi a Nguru, irin wanda ba ya zuba sosai kuma ba ya ɗaukewa, sai dai ya jiƙa zana ya sa bango wari. A ranar ne Kyari ya shigo gida da kwanduna uku na kaji a kan jaki, ya ratsa tsakar gida kansa tsaye, ya sauke su a bayan ɗakin Zinariya, dab da akurkinta.

Zinariya matar yayansa ce, marigayi Abatcha, kuma takaba take yi. Allah bai ba su haihuwa ba, saboda haka gidan ya faɗa hannun Kyari, kowa kuma ya san tana fita takaba Gashuwa za ta koma, gidan yayanta Saleh, wanda sana'arsa ita ce kamun kifi a kogi. Abin da rabon gado bai taɓa ba shi ne kajinta, domin nata ne na kanta. Da su take nufin shiga gidan Saleh. Tana da masu sayen ƙwai a nan cikin mutanen Kudu, ta kuma ji cewa a Gashuwa ma akwai akawuna masu cin ƙwai da safe. Ba ta so ta zama baki ɗaya da aka ƙara a kan tukunyar wani.

Ta leƙo daga ƙofar ɗakinta, ta rage murya kamar yadda ake so mai takaba ta yi, ta tuna wa Kyari cewa marigayi bai taɓa yarda a shigo da kajin kasuwa cikin gida ba, don su ke kawo cuta. Kyari ya yi dariya yana yarfe ruwa daga hularsa.

"Ya Zinariya, baƙi na kawo wa 'ya'yanki, ko ba kya son baƙi? Rumfar tasha yoyo take yi. Jirgin Kano na zuwa zai kwashe su."

Fataucinsa ke nan, ya bi kasuwannin Jajimaji da Yusufari ya tara kaji da araha, ya ɗora su a jirgi. Bayan ya fita ta je ta tsaya kan kwandunan. Kajin a cunkushe suke, jiƙe sharkaf. Daga can ƙasan kwando na tsakiya ta ji wata ta yi atishawa, ƙaramar atishawa, ta sake yi. Kajinta kuwa sun riga sun kewaye baƙin, suna tsince tsabar da ke faɗowa ta ramukan saƙa. Ta kore su, suka dawo. Ta sake korar su, suka sake dawowa.

Tun da aka yi sadakar arba'in ƙafar mutane ta ɗauke daga ɗakinta. Sabuwa, matar Kyari, ba muguwa ba ce, amma tana da yara da girki, takan ajiye mata kwano a bakin ƙofa ta ce "Yaya ga tuwo," ta juya. Ba kwalli, ba lalle, ba zuwa rijiya inda mata ke hira. Wuni guda sai ya wuce Zinariya ba ta yi magana da ɗan Adam ba. Da kajin take magana, da Badanci, harshen garinsu da babu mai jin sa a gidan tun da aka kawo ta. Ta san wadda ke da rowa da wadda ke da tsoro. Akwai Fingi mai gashi a murɗe, akwai Wake-wake da ke kwanci a bayan randa, akwai Durgu mai gajerun ƙafafu wadda ba ta taɓa riga kowa zuwa wurin tsaba ba, sai an ware mata nata.

Jirgi ya zo ya tafi da kwandunan, amma kafin mako ya zagayo wasu sun maye gurbinsu. Ana cikin haka wata safiya Fingi ta ƙi fitowa daga akurki. Zinariya ta sa hannu ta ɗauko ta, ta ga hancinta da majina, ido ɗaya yana ruwa. Da ta kara ta a kunne sai ta ji wani ƙara a maƙogwaronta, kamar tukunya ta fara tafasa. Ta yi abin da ta ga uwarta na yi. Ta daka jan barkono ta zuba a kaskon ruwa, ta roƙi Sabuwa sassaƙen maɗaci ta jiƙa, ta goge idon da ruwan ɗumi, ta kife Fingi da kwando a cikin ɗakinta kusa da tabarmarta. Washegari idon ya kumbura ya rufe, kuma wasu biyu a waje sun fara atishawa.

Ta san akwai malamin dabbobi a garin, domin Abatcha ya taɓa kai masa akuya. Ta jira Kyari ya shigo alwala, ta roƙe shi ya je ya kira shi, ko ya kai masa kaza ɗaya ya duba. Kyari ya ce wannan malamin na shanu ne da fatu, Fulani ne ke bin sa. Ya ce ta dube shi da kyau, da gemunsa, a gan shi ya rungumi kaza yana layi a asibitin dabbobi, ai sai yaran tasha su yi masa waƙa. Da ta nace ya ce to, gobe.

Goben ta zo, Fingi ta miƙe wuya tana buɗe baki tana neman iska. Mace ba ta yanka, haka aka taso aka gani. Don haka Zinariya da hannunta ta ɗauki kazar da ta raina tun tana ƙwai, ta kai ta ƙofar zaure ta ciki, ta ƙwanƙwasa da ɗan sandanta. Kyari ya fito da wuƙa, ya ce gara da ta yi hanzari, da ta zama mushe an yi asara biyu. Da la'asar ƙanshin farfesu ya cika gidan. Abokansa na tasha suka hallara a zaure, tana jin su suna tsotsar ƙashi suna shi wa mamaci albarka, domin Kyari ya gaya musu sadaka ce iyalin Abatcha suka fitar. Sabuwa ta kawo mata wuya da ƙafafu cikin romo. Ta bar kwanon a rufe har ya huce.

Daga nan abin ya zama kamar ƙa'ida. Kaza ta yi atishawa, ta daina kiwo, ta tsaya a gindin bango ta saki fukafukai, zankonta ya yi duhu, sai Zinariya ta ɗauke ta zuwa ƙofar zaure. Duk zuwa sai ta ambaci malamin dabbobi, duk zuwa kuma da amsar da ke jiran ta. Ran nan Kyari ya ce murar kaji iska ce, duk damina sai ta zo, ba ta da magani sai wuƙa. Ran nan ya ce ya je bai tarar da shi ba, alhali tana jin muryarsa a zaure tun hantsi. Ran nan kuma fuskarsa ba wasa, ya ce:

"Yaya bai daɗe a ƙasa ba, ke kuma bakinki kaji, kaji. Mai takaba da carbi aka san ta. Me kike so mutane su ce?"

Ta koma ɗaki ta ɗauki carbin. Tana ja, kunnenta yana bayan ɗaki.

Ta taɓa gwada Sabuwa, ko za ta saka baki. Sabuwa ta sunkuyar da kai tana tankaɗe, ta ce ita ba ta shiga harkar kasuwancin maigida. Can kuma, ba tare da ta ɗago ba, ta ƙara da cewa in malamin ya shigo ya ga kwandunan nan zai hana a ɗora su a jirgi, kuma da su ake cefane. Sai a lokacin Zinariya ta gane ba gemu ba ne, ba kuma waƙar yaran tasha ba.

Ƙwai ya ɗauke. Shi ya sa wata Asabar Chinyere ta yi sallama ta shigo da kanta. Matar wani akawun jirgi ce, ta daɗe tana sayen ƙwan Zinariya ta hannun 'yan aike, Hausarta kuma ta kasuwa ce, mai sauri. Ta durƙusa a gaban akurki, ta ga abin da ya rage, ta riƙe haɓa. Ta ce ita ma bara haka nata suka yi, kafin ta bar kiwo. Malam Rabe, malamin dabbobin, ya gaya mata cewa in kaza ɗaya ce ke atishawa amma tana ci tana sha, a ware ta a sa mata ido. In kuwa ta kai biyu ko uku, ko ido ya kumbura, ko kaza ta bar ci tana numfashi da baki a buɗe, to kada a bari abin ya kwana. Ta ce ya duba mata nata, bai yi mata dariya ba, rabinsu kuma sun tashi.

"Mama, me ya sa ba ki je ba tun tuni?"

Zinariya ta nuna mata farin zanen da ke jikinta. Chinyere ta dubi kajin ta ce a ba ta ɗaya, wadda ta fara amma ba ta yi nisa ba. Durgu ce ta fara atishawa a safiyar nan. Chinyere ta naɗe ta a gyale, ta saka ta a hammata kamar ƙunshin kuɓewa, ta bi ta gaban Kyari a zaure tana gaishe shi da ƙarfi.

Washegari da hantsi Zinariya ta ji ƙararrawar keke a ƙofar gida. Akurkinta yana jikin zanan da ya raba gidan da titi, saboda haka duk abin da aka faɗa a waje yana kunnenta. Ta matsa ta tsaya. Ta wata ɓarakar zana ta ga tayar keke da takalmin roba mai laka, da jakar fata a rataye.

Baƙon ya ce shi ne Rabe na wajen dabbobi, an kawo masa kaza daga gidan nan, yana so ya ga sauran. Kyari ya tarbe shi da fara'a, ya tambayi gajiya, ya tambayi ruwa, sannan ya ce sai dai a yi haƙuri, gidan takaba ne, namiji baƙo ba ya shiga. Malam Rabe ya ce ba matar ya zo gani ba, ta shiga ɗaki ta rufe, shi akurki kawai zai duba ya fito. Kyari ya ce shi ma da son ransa ne, amma amanar ɗan'uwansa ce a wuyansa, ba zai fara karya ta da kaji ba.

"To akwai wasu kaji da aka shigo da su daga kasuwa kwanan nan?"

"Babu," in ji Kyari. "Nata ne kawai, na gida."

Kwandunan suna bayanta, huɗu a wannan karon, har tana jin ɗumin jikin kajin a ƙafarta. Tsakaninta da mutumin bai fi kamu uku ba. Kalma ɗaya ta isa. Ta buɗe baki. Amma wata da watanni ke nan muryarta ba ta wuce raɗa ba, kuma ta riga ta ji yadda za a ba da labarin: matar Abatcha, tana cikin takaba, tana kiran namiji ta kan danga. Labarin zai hau mota ya riga ta isa Gashuwa, ya shiga gidan Saleh ya zauna yana jiran ta. Ta kama zanan da hannu biyu har kaba ta yanke ta a yatsa. Ta mayar da bakin ta rufe.

Malam Rabe kuwa sai ya ɗaga murya fiye da yadda ake yi wa mutumin da ke tsaye a gabanka. Ya ce murar kaji iri-iri ce, wata tana jin magani, wata ba ta ji, kuma ba zai iya rantsuwa a kan abin da bai gani ba. Ya ce ga wani farin gari a takarda, a riƙa zuba kaɗan a ruwan shansu. A raba masu lafiya da marasa lafiya, kowa da kaskonsa. Wadda ta mutu a binne ta da zurfi, kada a jefa a juji. A share akurki a ƙone sharar. Ya ce kuma wadda ta warke ba ta rabu da cutar ba, tana iya ɗauke da ita a jiki, don haka kada a kai ta cikin kajin wani gida. Kyari yana ta cewa madalla, madalla. Ƙararrawar keke ta yi ƙara, ta yi nisa.

Zinariya ta wanke kasko ta cika shi da ruwa, ta tsaya tana jira. Kyari ya shigo da takardar a hannu, ya wuce ta, ya durƙusa gaban kwandunansa, ya shiga barbaɗa garin a gwangwanayen da ke ciki. Ta ce masa, a hankali, don nata aka kawo.

"Ke da bakinki kika ce daga nawa cutar ta fito," ya ce, bai ko waiwayo ba. "To ai daga tushe ake kashe ta. In nawa sun warke naki ma sun huta."

Ya kakkaɓe takardar a gwangwani na ƙarshe, ya dunƙule ta ya jefar. Zinariya ta tsince ta bayan ya fita, ta warware, ta ɗauraye ta a kaskonta. Ruwan ko launi bai sake ba. Kwana biyu bayan haka kwandunan suka hau jirgin Kano, kajin ciki a tsaye da ƙafafunsu.

Ta yi duk sauran abin da ta ji ta bayan zana. Ta raba su, ta share, ta ƙone. Amma an makara. Zakaranta ya daina cara, ya yi kwana biyu yana wani kuka kamar ana jan tsohuwar ƙofa, ya mutu kafin ta kai shi zaure. Wake-wake ta mutu a kan ƙwanta a bayan randa. 'Yan tsaki ba su ma yi atishawa ba, sai dai ta tarar da su a kwance. Da yake ba ta fita, a bayan ɗakinta ta riƙa haƙa rami da guntuwar fartanya, ƙasar a jiƙe, tana binne su. Sabuwa takan tsaya daga nesa da yaro a goye ta ce sannu Yaya, sai haƙuri.

Ruwa ya ɗauke, gero ya nuna, aka fara jin motocin gyaɗa suna shigowa tasha. Bayan ɗakin Zinariya ya yi tsit. Da safe takan fito da ƙwaryar dusa a hannu, ta tsaya, sannan ta tuna. Badancin ma ya daina fita daga bakinta, don babu wanda za ta yi wa.

Ranar da ta fita takaba aka yi mata wanka da kitso, mata suka zo suka yi barka, Kyari ya aiko da turmin atamfa. Da yamma Chinyere ta shigo da kwando a ka. Durgu ce a ciki, ta yi ƙiba, idonta garau. Malam Rabe ya ba ta magani da hannunsa tun ranar farko, Chinyere kuma ta ci gaba da ba ta a bayan kicin ɗinta. Zinariya ta ɗauke ta ta rungume, ta yi mata magana da Badanci, maganganu da yawa, har Chinyere ta kau da kai. Sannan ta kara ta a kunne. Can ciki, ƙasa-ƙasa, akwai sauran ɗan ƙaran nan.

Ta daɗe a zaune da kazar a cinya. Kaza ɗaya tana iya zama goma kafin wata damina, ta san haka sarai. Ta kuma san Fanne, matar Saleh, tana da kaji cike da gida, da su take yi wa 'ya'yanta sutura. Ta mayar da Durgu cikin kwandon, ta ɗaure murfin da kanta, ta tura shi gaban Chinyere. Ta ce tun da Chinyere ba ta da wasu kajin, ta riƙe ta, kuma ta riƙa ware mata tsabarta, don ba ta iya kokawa ba.

Motar Gashuwa ta tashi da sassafe, ta wuni tana faɗawa cikin yashi ana tura ta. Saleh yana jiran ta a tasha, jikinsa duk warin banda. Ya karɓi akwatinta da ƙunshin tabarma, ya leƙa saman motar, ya sake leƙawa, ya tambayi yaron mota ko akwai sauran kaya. Aka ce babu. Ya sa kai suka tafi.

A tsakar gidan, kusa da ɗakin da aka share mata, akwai sabon akurki na laka, babba, an yi masa jinka da sabuwar ciyawa, lakar ma ba ta gama bushewa ba. Fanne ta fito da gudu tana murna, ta ce Saleh ne ya gina shi da hannunsa, ya ce ƙanwarsa mai dukiya ce, kada kajinta su zo su raina masauki. Ta dubi akwati, ta dubi tabarma.

"Ina suke? Ko a baya za a kawo su?"

"Sun yi mura," in ji Zinariya.

Kajin Fanne suna ta tono a gindin turmi, lafiyarsu ƙalau. Ta tsaya tana kallon su har aka ce ta shiga ta sha ruwa.

A Nguru har yau in aka yi zancen riƙon amana sai a ambaci Kyari. Ana cewa ya riƙe matar ɗan'uwansa yadda addini ya ce, ko ƙofar gida ba ta leƙa ba, ko muryarta namiji bai ji ba, kuma duk tsawon takabar nan tukunyar sadaka ba ta sauka daga murhu ba. Waɗanda suka ci naman su ne shaidu. Babu wanda ya doke ta, babu wanda ya zage ta, babu wanda ya hana ta tuwo. Daga gidan zuwa wurin malamin dabbobi kuwa, ko tsohuwa ba za ta nemi wurin hutawa a hanya ba.

Dakwale goma sha uku Zinariya take da su ranar da aka fara yayyafin nan. Takwas an cinye su a zaure da sunan mijinta. Huɗu ta binne su a bayan ɗaki, tare da zakara ɗaya da 'yan tsaki goma sha tara. Ƙwai tara suka ruɓe a bayan randa. Ɗayar da ta rayu tana Nguru, a gidan wata. Kyari bai rasa ko ɗaya ba.